Zaɓen Aikin Farko ga Mai Koyon Haɗa Kayan Lantarki: Misalin Amfilifayar Kunne a Ƙasar Bukkuyum

Gabatarwa

A garuruwan yammacin Jihar Zamfara, watau Anka da Bukkuyum da Gummi da ƙauyukan da ke kewaye da su, da wuya a ci kasuwa a watse ba a ga mai gyaran rediyo a wata rumfa ba, ga tarin matattun akwatuna a gabansa, ga yaro ɗaya ko biyu a gefe suna miƙo masa sukundireba. Tun da Sashen Hausa na BBC ya soma watsa shirye-shirye a 1957, gidan rediyon Kaduna kuma ya biyo baya a 1962, ƙaramar rediyo mai aiki da batir ta zama abokiyar hirar manomi da makiyayi da ɗan tireda. Wayar hannu ta rage mata kasuwa, amma ba ta kashe ta ba. A watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, jama'a sun yi makonni ba su da wata kafar jin labarin duniya da ta wuce rediyo.

Yadda ake koyon wannan sana'a galibi shi ne a cire a sa. Yaro yana kallon maigidansa yana ciro wani abu daga matacciyar rediyo yana dasawa a wata, in ta yi magana an dace, in ba ta yi ba a sake gwada wani. Ana samun abinci ta wannan hanya, sai dai mutum yana iya shekara biyar a rumfa bai san dalilin da ya sa abin da ya dasa ya yi aiki ba. Fahimta tana samuwa ne ran da ya ɗauki allo fanko ya haɗa wani abu da hannunsa tun daga tushe. Masu sha'awar wannan fanni a ƙasashe da dama sukan fara da ƙaramar amfilifaya ta abin sauraro na kunne, domin kayanta kaɗan ne, kuma kunne yana shaida wa mutum nan take ko ya yi daidai. To, amma tana da iri-iri. Wanda ya zaɓi wadda ta fi ƙarfinsa zai yi hasarar ɗan kuɗin da ya tara, gwiwarsa kuma ta yi sanyi. Wanda ya zaɓi mai haɗari yana iya hasarar abin da ya fi kuɗi. Wannan maƙala ta dubi yadda ya kamata a yi zaɓen, bisa abin da ake iya samu a gari irin Bukkuyum.

Game da Kalmomi

An bi bakin masu sana'ar ne a inda suke da kalma. Sunayen kayan kusan duk aro ne: taransisto, rizisto, kwandansa, ayisi, mita, iyafis. Abin sha'awa ga ɗalibin harshe shi ne, aron ya tsaya a sunaye, aikatau da siffantawa kuwa na gida ne. Ayisi tana da ƙafafu, a bakin Bazamfare ƙahwahu; rediyo tana cin batir, tana shaƙewa, tana mutuwa; kwandansa tana kumbura; taransisto yana ƙonewa. An ɗauki na'urar kamar dabba mai rai, shi ya sa bayani da Hausa ba ya yi wa mai koyo nauyi in an bi wannan hanya. Ma'aunai kuwa an rubuta su yadda ake faɗarsu: bolt na ƙarfin turin wuta, om na tirjiyar da abu ke yi wa wuta, miliamfiya na yawan wutar da ke gudana, mikrofarad na girman cikin kwandansa.

Abin da Amfilifayar Ke Yi

Sauti a cikin waya wuta ce mai hawa da sauka daidai da hawa da saukar murya. Aikin amfilifaya shi ne ta karɓi wannan raunanniyar wuta, ta ɗebo ƙarfi daga batir, ta fitar da kwafinta mai girma ba tare da ta karkata siffarta ba.

Ya kamata a faɗi wata gaskiya tun da wuri. Iyafis ɗin da ke cika kasuwa yawanci tirjiyarsa om 16 ce ko 32, kuma da yawa daga cikinsu miliwat ɗaya tak ya isa ya sa su yi ƙarar da ta kai desibel 100 ko kusa da haka. In na'ura tana fitar da bolt ɗaya, lissafi ya nuna za ta ba iyafis mai om 32 kimanin miliwat 31, watau ninkin abin da ake bukata sau da yawa. Manyan abin sauraro na ɗakunan ɗaukar murya, masu om 250 ko 300, su ne ke bukatar taimako, domin wannan bolt ɗayan ba zai ba su fiye da miliwat uku ko huɗu ba. Irin waɗannan kuwa ba su cika zuwa kasuwannin karkara ba. Saboda haka duk wanda ya ce wa yaro ya haɗa amfilifaya don waƙar wayarsa ta ƙara daɗi, ya yaudare shi. Ribar aikin tana cikin abin da hannu da kai za su koya, da kuma abin da na'urar za ta yi wa mai ita a rumfa bayan an gama ta. Da wannan ma'auni za a auna kowace.

Waɗanda Ake Zaɓa a Cikinsu

Akwai wadda ya kamata a kawar tun kafin a zauna: duk amfilifayar da ke shan wutar gari kai tsaye, musamman mai kwalaben da ake amfani da su kafin zuwan taransisto. Wutar da har yanzu jama'a ke kira ta NEPA bolt 230 ce, kwalaben kuma suna aiki da bolt ɗari biyu ko fiye, kwandansarsu tana riƙe wutar ko bayan an kashe. Na'ura ce da ƙarshen wayarta ke cikin kunnen mutum. Wannan ya isa dalili.

Sai mai taransisto ɗaya ko biyu. Taransisto, wanda aka ƙirƙiro a ɗakunan binciken Bell na Amurka a ƙarshen 1947, shi ne tubalin duk abin da ya biyo baya, kuma irin su C945 da BC547 ana tsintarsu kyauta a jikin kowace matacciyar rediyo. Wanda ya yini yana sauya rizisto har ya ga wutar ƙafar tsakiya ta daidaita ya koyi abin da littafi ba zai koya masa ba. Illarta ita ce sautin yakan fito a shaƙe, tana cin batir ko ba a sauraron kome, kuma in ta ƙi aiki mai koyo ba shi da yadda zai gane ko laifinsa ne ko na tsohon taransiston da ya tsinto. Ta dace da gwaji na yini ɗaya a gaban maigida, ba ta kai a yi mata gida a rufe ba.

Wadda ta fi suna a duniya ita ce CMoy, da aka sa wa sunan Chu Moy, mutumin da ya wallafa tsarinta a ƙarshen shekarun 1990. Ayisi ɗaya ce mai ƙafa takwas, irin su OPA2134, da 'yan rizisto da kwandansa da batir mai bolt 9, duka a cikin ɗan gwangwanin alewa. Tana ninka sauti sau 11, kuma in an haɗa ta daidai sautinta garau yake. Ba a banza ta yi suna ba. Amma tana da tarko uku ga ɗan koyo a Bukkuyum. Irin wannan ayisi tana son wuta kashi biyu, ta sama da ta ƙasa, don haka sai an raba batir ɗaya gida biyu da rizisto biyu masu om 4,700 a ƙirƙiro tsakiya ta ƙarya. Wannan dabara tana rikita wanda bai riga ya saba da wuta mai kai biyu ba, kuma tsakiyar takan goce in iyafis mai ƙaramar tirjiya ya ja wuta da yawa. Sa'an nan babu kwandansa tsakanin ayisi da kunne, ke nan kuskure ɗaya zai tura wutar batir kai tsaye cikin iyafis ya ƙone shi. Na ukun shi ne samun kayan. Ba a ciro OPA2134 daga rediyon kasuwa, sai an aika Kano ko Legas, ga shi jabun irin waɗannan ayisi masu tsada sun yi yawa a duniya, ana goge sunan mai araha a buga na mai tsada a kai. Har ila yau, a lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe har riga ke tartsatsi in an tuɓe ta, wutar da jiki ke tarawa tana iya lalata ayisi mai laushi tun ba a dasa ta ba. CMoy aiki na biyu ce ko na uku.

Saura LM386. Kamfanin National Semiconductor ne ya fito da ita tun shekarun 1970, kamfanin da Texas Instruments ya saye a 2011, kuma har yau ana ƙera ta. Masu kunnen ƙwarai suna raina ta, suna da hujja kuwa, don tana da wani siririn huci da ake ji in an yi shiru. Duk da haka ita ce ta fi cancanta da zama aikin farko. Wuta ɗaya take sha, daga bolt 4 zuwa 12, watau batir huɗu na tocila ƙanana, irin su Tiger Head da ke kowane teburin tireda, sun ishe ta; ba lalle sai an nemo batir mai bolt 9 ba, wanda ya fi tsada kuma ya fi wuyar samu. In ba ta aiki miliamfiya huɗu kawai take ja. Tana da araha a wurin masu sayar da kayan gyara a Gusau ko kasuwar Sabon Gari ta Kano, har ana iya sayen uku a ƙona biyu ba a yi kuka ba. Kuma tana da juriya, ba ta mutuwa don an taɓa ta. Tana da 'yar'uwa, TDA2822, mai ɗauke da amfilifaya biyu a ciki ɗaya, wadda batir biyu ke tayarwa, ana kuma samunta a cikin tsofaffin ƙananan rakoda da rediyo. Wanda ya tsinci wannan ya yi amfani da ita, amma bayanin da ke tafe na LM386 ne.

Haɗawa da Gwaji

Ana kallon ayisi daga sama, a nemi ɗan ɗigo ko tsaga a kanta. Ƙafar da ke kusa da ɗigon ita ce ta 1, a yi ta ƙirga har 4 a wannan gefe, sa'an nan a tsallaka a dawo daga 5 zuwa 8. Ƙafa ta 6 ita ke karɓar wuta daga kan batir mai alamar +, ta 4 da ta 2 suna zuwa ɗaya kan, wanda ake kira ƙasa. Sauti yana shiga ta ƙafa ta 3 bayan ya bi ta maɓallin ƙara murya mai om 10,000, ya fita ta ƙafa ta 5, ya ratsa kwandansa mai mikrofarad 220, kana ya isa iyafis. Wannan kwandansa ita ce mai gadin kunne: tana barin sauti ya wuce, tana tare tsayayyiyar wutar batir. Girmanta ma da dalili, domin da iyafis mai om 32 tana barin kaurin sauti ya sauka har wajen kaɗawa 23 a daƙiƙa, kunnen ɗan Adam kuwa daga wajen 20 yake fara ji. Daga ƙafa ta 5 zuwa ƙasa ana jera rizisto mai om 10 da kwandansa mai mikrofarad 0.047, don kada ayisi ta kama kuka da kanta. A sa mai 10 daga ƙafa ta 7 zuwa ƙasa, a sa mai 100 tsakanin ta 6 da ta 4, dab da ayisi. Ƙanana marasa alama ana juya su kowace fuska, amma manyan kwandansa suna da kai da gindi, in an juya su sukan kumbura har su fashe.

Zane-zane da yawa suna nuna wata kwandansa tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8. Kada a sa ta. Ba tare da ita ba ayisi tana ninka sauti sau 20, da ita kuwa sau 200, abin da ya dace da makirufo amma ya yi wa kunne yawa ƙwarai. Ko ninki 20 ɗin ma ya zarce bukata, shi ya sa hucin nan ke fitowa. Maganinsa rizisto ne mai om 100 a kan hanyar iyafis: da iyafis mai om 32, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na wutar zai isa kunne, hucin ya ragu, ƙarar ma ta sami linzami. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade desibel 80 na awa 40 a mako ga babba mai sauraro da iyafis, jin da ƙara ta kashe kuwa ba ya dawowa. Rizisto na 'yan kuɗi kaɗan yana tsare wannan.

A fara da kunne ɗaya. In ta tashi, a haɗa ta biyu kamarta don ɗaya kunnen, wanda yawanci yakan ɗauki rabin lokacin ta farko.

Inda wutar gari ba ta tsayawa, masu gyara sukan ɗumama ƙarfen liƙi a garwashin gawayi. Yana aiki, sai dai ba a san iyakar zafinsa ba, ayisi kuwa ba ta son ƙarfe ya daɗe a ƙafarta. Don haka a sayi mazauni mai rami takwas a liƙa shi a allo, ayisi kuma a danna ta ciki bayan kome ya huce. Kafin a danna ta, a ɗora mita a ramin 6 da na 4 a tabbata wutar batir ta iso, kuma ba a juye take ba. Bayan an danna ta, a auna ƙafa ta 5: in kome daidai ne za a ga rabin wutar batir, bolt 3 in batir huɗu ne, 4.5 in mai 9 ne. Wannan awo ɗaya ya fi kowane darasi amfani, domin a nan mai koyo yake ganin lissafi ya faɗi abu kafin ya faru, ya kuwa faru. In mita ta nuna sifiri ko cikakkiyar wutar batir, ko ayisi ta ɗau zafi, a cire batir a duba bayan allo. Sau da yawa ɗigon dalma ne ya haɗa layi biyu. Gwajin farko da tsohon iyafis ake yi, a ajiye a kan tebur, ba a kunne ba.

Cajar waya tana ba da bolt 5, za ta tayar da ita, amma takan shigo da zuga da ƙara. Batirin babur in ya cika yana haura bolt 12, gara a bar shi. Gida kuwa kowane gwangwani mai murfi ya yi, ƙarfen ma yana kare ta daga zugar wutar gari, muddin an shimfiɗa kwali a ƙasan allo.

Batun Dalma

A wasu wurare ana iya taƙaita wannan a layi biyu. A Bukkuyum ba a yi. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Bincike ya nuna duwatsun zinariyar da ake kawowa cikin gidaje ana daka su, ana niƙa su, suna ɗauke da dalma mai yawa, ƙurar kuma ta bi ƙasar tsakar gida inda yara ke rarrafe. An ƙiyasta yara kimanin 400 suka rasu, aka yi wa dubbai magani, aka kankare ƙasar gidaje ƙauye bayan ƙauye, Bagega kuwa sai a 2013 aka share ta.

Wayar liƙin da masu gyara suka saba da ita, mai lamba 60/40, kashi 60 kuza ce, kashi 40 dalma. Ba za a kwatanta ɗan abin da ke cikin nadi ɗaya da buhunan dutsen da aka niƙa a waɗancan ƙauyuka ba, yin haka tsoratarwa ce marar tushe. Amma guba ɗaya ce, hanyar shigarta jiki ma ɗaya ce, watau daga hannu zuwa baki, kuma masana lafiya sun tabbatar babu wani adadinta a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa. Mutane da yawa suna zaton hayaƙin da ke tashi in ƙarfe ya taɓa wayar shi ne dalmar. Hayaƙin na ƙaron da ke cikin wayar ne, yana damun ƙirji, maganinsa a yi aiki a sarari. Wayar tana narkewa a wajen digiri 185, dalma kuwa ba ta tafasa sai zafi ya haura digiri 1,700. Haɗarin yana cikin abin da ya rage a yatsu da ƙananan ɗigon da ke zuba ƙasa. Mai gyaran da ke riƙe wayar liƙi da haƙori saboda hannuwansa biyu suna aiki, ko ya fasa goro yana cikin liƙi, ko ya sa hannu a kwanon tuwo bai wanke da sabulu ba, shi ke ciyar da kansa. Wanda ya yi aikin a tsakar gida kuwa ya bar wa ƙannensa ɗigon da ke ƙyalli kamar azurfa, yaro mai rarrafe kuma ba ya ganin abu mai ƙyalli ya ƙyale. Ya kamata liƙi ya tsaya a rumfa ko shago, a kan faranti mai baki, a tara tarkacen a kwalba mai murfi.

Akwai wayar liƙi marar dalma, wadda ta yaɗu tun da dokar Tarayyar Turai ta hana dalma a yawancin kayan lantarki daga 2006. Tana bukatar zafi wajen digiri 220, ba ta kwanciya da sauƙi, liƙinta kuma ba ya sheƙi, don haka takan wahalar da mai ƙarfen gawayi. In an same ta an kuma iya da ita, ta fi, musamman ga wanda ba shi da wurin aiki sai gida.

Bayan An Gama

A nan LM386 ta yi wa sauran nisa. In aka ɗaura kwandansa mai mikrofarad 0.1 a bakin wayar shigar sauti, aka liƙa mata ɗan ƙusa, ɗaya wayar kuma aka maƙala ta a ƙasan rediyon da ake gyara, amfilifayar ta zama abin bin sawun sauti. Rediyo mai batir ta zo ba ta magana: sai a kunna ta, a ɗora ƙusar a ƙafar maɓallin muryarta. In an ji tasha a iyafis, ashe ɓangaren kamo tasha lafiya yake, ciwon yana gaba. A matsa zuwa ƙafar shigar ayisin sautinta, daga nan zuwa ta fita, daga nan zuwa lasifika, har a isa inda muryar ta yanke. In kuwa tun a maɓallin ba a ji kome ba, a koma baya wajen eriya. A rediyo mai batir kaɗai ake wannan, ba a kai ƙusar cikin talabijin ko wani abu da ke jone da wutar gari. Don wannan aiki ne ake iya mayar da kwandansar nan ta ƙafa ta 1 da ta 8, mai mikrofarad 10, a sa mata ɗan makunni, a riƙa buɗe ta in sautin da ake bi ya yi rauni ainun.